Rakiyar Mai Guduma Daga Batsari Zuwa Safana

Batsari

Liman na sallame sallar asuba, kafin Kawu Mamman ya gama shafa addu'a, sahun baya ya watse. Ban ga laifinsu ba. Shekara uku ke nan duk wanda ya tsaya gaisawa da Kawu a ƙofar masallacin unguwarmu, ƙarshen gaisuwar turin mota ne. Da idona na ga wani dattijo mai ciwon gwiwa ya bi ta ƙofar baya da takalmansa a hannu.

Ni ba ni da wurin gudu. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a gidansa na tashi, kuma ni ke tuƙa motar. A-kori-kura ce mai shan dizal, da tambarin guduma a goshinta, shi ya sa duk Batsari Mai Guduma ake ce mata. Sunan kamfanin ba zan rubuta ba, don Kawu kansa bai taɓa faɗinsa iri ɗaya sau biyu ba. Sabuwa dal ya sayo ta a Katsina don jigilar wake da gero. Ba ta shekara ba ta daina tashi da makulli, daga nan kuma sauran halayenta suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya raba zamanmu da ita ya faru ne da kaka, a hanyar Ruma. Giyar motar ta ƙwace mana da la'asar sakaliya, ga matar Kawu, Inna Rabi, a ciki. Wanda ya san hanyar ya san ba wurin tsayawa ba ne. Muka ji ƙugin babura daga daji, muka shige cikin dawa muka kwanta rub da ciki. Ashe 'yan kasuwa ne ke komawa gida, amma ni dai ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Inna ta ce ko a sayar da motar nan, ko ta kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su daddatsa ta a ƙofar gida kowa na kallo. A Batsari kuwa ko kyauta ba mai karɓa. Sai muka ji wani Alhaji Ɗanjuma a Safana yana cigiyar irinta. Ya aiko cewa a kai masa ita ranar Talata kafin la'asar, in ta wuce haka akwai wata da aka yi masa tayi a Dutsin-ma.

Ranar Talatar sai da gari ya waye tangaran muka tashi, don yanzu ba mai hawa hanya da duhu. Mai shayin bakin titi da mutum biyu da ruwan zafi ya hana su gudu ne suka tura mu. Ta yi tari, ta yi aman baƙin hayaƙi, ta kama. Muna fita gari na gyara murya.

"Kawu, in mun isa, abin da aka tambaye ka kaɗai za ka amsa."

"Sani," in ji shi, "ni da ko buhun wake zan saida sai na ce ma mai saye shi tura hannu har ƙasa?"

"Wannan ba wake ba ne, Kawu."

Ya ɓare goro ya jefa a baki.

Kwanar Wagini

A nan muka tarar da shingen 'yan sa-kai, ganguna biyu da gungumen itace a gicciye. Dokata da Mai Guduma ɗaya ce: ba a kashe ta sai a kan gangare. Wurin nan kuwa a baje yake kamar faifai. Wani dogo mai bindiga ƙirar gida ya leƙo.

"Direba, kashe mota."

"Yallaɓai, in na kashe ta ku za ku tura."

Ya ɗauka rashin kunya ce, ya ɗaure fuska. Na kashe. Da suka hau baya suka ga jarkoki jere, sai kallon ya canza, don a yankinmu jarka a bayan mota tana nufin man fetur ake kai wa mutanen daji. Suka bi su ɗaya ɗaya suna buɗewa suna shinshinawa. Ruwa ne zalla.

"Alhaji, wannan ruwa duk na mi ne?" in ji shugabansu, wani mai furfura.

"Nata ne," in ji Kawu. "Ta hi raƙumi sha."

Suka yi dariya, suka janye itace, suka ce mu wuce. Na ce to bismilla. Sai a lokacin dogon ya gane ba wasa nake yi ba. Suka rataya bindigogi suka dafa.

Kawu yana da wata ɗabi'a: duk wanda ya tura motarsa sai ya biya shi da tarihin kamfanin, yadda dillalin Katsina ya karanta masa. Ya zuro kai ta taga yana ba su labari suna nishi. Wai wani maƙeri ne ya kafa shi, a wata ƙasa da sanyi ke daskarar da ruwa a randa. Da injin niƙa ya fara, injin da ake kunnawa da safe ba a kashewa sai an ga dama, har garuruwan maƙwabta ke kawo hatsinsu. 'Ya'yansa suka koma ƙera injin ban-ruwa. Jikoki ne suka ce su mota za su yi, suka manna gudumar kakansu a goshinta.

Mai furfurar ya tsaya ya share gumi da hularsa. "Alhaji, da sun tsaya a niƙan da Allah ya huwace mana."

A turi na uku ta tashi. Ta madubi na hango dogon yana kakkaɓe hayaƙi daga rigarsa.

Runka

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Runka, tururi na fita ta goshinta kamar tukunyar dambu. Na samu ɗan gangare kusa da rumfar mahauta na ajiye ta, na sa dutse a taya. Wani mahauci mai suna Malam Idi ya ajiye wuƙa ya zo ya tsaya yana kallon tambarin. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da kasuwa da zaman ɗar-ɗar da ake ciki, sai ya ce wa Kawu, "Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri. Zo ka ga 'yar'uwarta."

Bayan rumfar ga wata Mai Guduma a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaza na kwanci a kujerar direba. Nan suka zauna kan benci kamar masu jinya a asibiti, kowa na faɗin ciwon nasa.

"Taka tana ƙwace giya?" in ji Malam Idi.

"Kullum."

"Ƙofar hagu fa?"

"Da igiya nike ɗaure ta."

"Birki?"

"Sai an yi mata magana sau biyu."

Malam Idi ya kawo mana balangu mai zafi da waina, ya fi na Batsari araha nesa ba kusa ba, sai dai yajinsa ya sa ni hawaye. Shi ma yana da nasa ƙarashen tarihin. Wai jikokin maƙerin rigimar gado suka yi, suka sayar da kamfanin ga wasu 'yan kasuwa, su kuma duk inda ƙarfe yake suka cire suka sa roba. Ya ƙare da cewa motar banza ce tun daga goshi har wutsiya.

Ga mamakina sai Kawu ya ɓata rai. Mutumin da tun Batsari yake tsine mata! Ashe shi kaɗai ke da izinin zaginta.

"A'a, Malam Idi. Jiki ne na jikoki. Injin na kakansu ne, ba su taɓa shi ba."

"Injin kam ba ya da laihi," in ji Malam Idi. "To amma inji kaɗai ke kai mutum kasuwa?"

Na ɗura mata jarka biyu, na cire dutse, gangare ya yi mana aikin mutum biyar.

Tsakanin Runka da Safana

Mun ci fiye da rabin hanya sai na ji sandar giya ta saki a hannuna kamar muciya a ruwa. Inji na ta ruri, mota ko gezau. Na duba gaba, na duba baya, ba kowa sai karan dawa. Kawu ya daina tauna goro, na ga leɓensa na motsi.

Allah ya jefo mana wani magidanci da bijimai biyu na huɗa, yana dawowa daga gona. Bai tambayi komai ba, ya karɓi igiyarmu ya ɗaura. Haka muka tafi: bijimai a gaba, ni a kan sitiyari, inji na ruri don ban isa in kashe shi ba, Kawu kuma a ƙasa yana biye, ya ja hula har gira kada wani ɗan Batsari ya wuce ya shaida shi.

Da muka hango rufin kwanon Safana na roƙi mai shanun ya kwance mu a bayan wasu itatuwan mangwaro. Ya dube ni, ya dubi motar, ya yi murmushi ya kora shanunsa ta hanyar gona. Na shiga ƙarƙashinta da guduma ta gaske, na yi ta bugu har giya ta biyu ta shiga. Sauran ruwan jarka na wanke ta da shi tas, na ɓoye igiyar a ƙarƙashin kujera. Da giya ta biyun nan muka shiga gari, a hankali, kamar masu kai amarya.

Safana

An idar da azahar muka tsaya a ƙofar gidan Alhaji Ɗanjuma. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da garin hatsi a gashin girarsa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi, aka yi gaisuwa har ta kai ga kakanni. Motar na gefe tana ruri. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya kara kunne a goshinta, ya dawo ya zauna. Suka yi ƙus-ƙus da Kawu, suka daidaita. Alhaji ya miƙo hannu. Saura kawai Kawu ya ce ya sallama.

Kawu ya kama hannun ya riƙe.

"Tsaya, Alhaji. Ba ka tura hannu ƙasan buhu ba."

Na taka masa ƙafa. Ko kallona bai yi ba. Ya fara da makulli, ya bi ta giya, ya sauka kan birki da ƙofar hagu da tafasa. Ya ba da labarin hanyar Ruma da Inna kwance cikin dawa. Takaicin shekara uku ya zazzage shi kaf a kan tabarmar nan. Ni kam na riga na hango 'yan gwangwan a ƙofar gidanmu.

"Kuma yau ɗin nan," in ji Kawu, "ba da ƙahwarta ta iso ba. Shanu suka jawo ta."

Alhaji Ɗanjuma ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Shanun ai nawa ne! Mai kora su ƙanena ne, ya riga ku isowa kuna can kuna yi mata wanka. Zaune nike ina jira in ji ko za ka hwaɗa. Da ka yi shiru, wallahi da ka koma da abarka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya dube ni ya ce wankan dai ya yi kyau.

"Tambaya ɗaya gare ni," ya ce wa Kawu. "In tana tsaye wuri guda, tana mutuwa?"

"A tsaye? A tsaye sai ta kwana tana kuka."

"To tashi ka gani."

Ya kai mu bayan gida. Rumfar niƙa ce, ga kwanukan dawa da masara jere a ƙasa, ga tsohon injinsa a kwance ya mutu. Matan unguwar, in ji shi, sai sun kai hatsinsu wancan ƙarshen gari. Injin Mai Guduma zai ciro ya kafa a nan, ya ɗaura masa bel da gangar ruwan sanyaya shi. Gangar jikin kuwa ko kaji ya zuba.

Kawu ya koma wajen motar ya dafa gudumar nan ta goshinta, kamar mai sallama da doki. Tausayinsa ya kama ni, don na tuna ranar da ya shigo da ita Batsari yara na bin ta da gudu.

"Ashe shekara uku ina dukanta," in ji shi, "ita kau sana'ar gidansu take so ta koma. Na sallama, Alhaji. Allah shi sa albarka."

Na sa hannu na kashe ta a kan fili, karon farko ba tare da na duba gangare ba.

Komawa gida

Sai da muka fito bakin titi muka dubi juna. Duk shirin da muka yi na zuwa ne, ba wanda ya tuna da abin da zai mayar da mu. Ɗan acaɓa guda muka samu, ya ɗora mu mu biyu, Kawu a tsakiya babbar rigarsa na kaɗawa. A shingen Wagini dogon nan ya ce a kashe babur, ya ga mu ne, ya ce a'a, a bar shi, ku wuce. Rana ba ta faɗi ba muka shiga Batsari. Inna Rabi ta leƙo ta ga ba komai a ƙofar gida sai tabon baƙin mai a ƙasa, ta ɗaga hannu sama ta koma ciki ta ɗora tukunya.

Washegari da asuba labari ya riga ya zagaya. Liman ya sallame, ba wanda ya motsa. Aka kewaye Kawu ana gaisuwar da aka shekara uku ba a ƙarasa ba, har da dattijon nan mai ciwon gwiwa. Ana cikin haka Kawu ya tura hannu aljihu. Mutum huɗu suka zabura suka nufi takalmansu. Goro ya ciro, ya bi su ɗaya ɗaya yana rabawa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya a kan wannan hanya. Ina kuma gode wa mai shayi, da 'yan sa-kan Wagini, da Malam Idi, da bijimai biyu na Safana, da duk mutumin Batsari da ya taɓa dafa bayan Mai Guduma. Wanda ya bi ta Safana ya ji inji na ruri bayan gidan Alhaji Ɗanjuma, ita ce. An ce tun da aka kafa ta ba ta yi fashi ba.