Kwallina a bariyar Tasawa

'Yan uwa, yau saura ƙiris in kwana a hannun sojoji saboda kwalli! 

Daga Korgom na hau kabu-kabu zan kai wa Yaya Rahila gaton Nowel, wato kek ɗin Kirsimeti, a Tasawa. Kun san bana damina ba ta yi ba, ba kuɗin fulawa, da garin gero na haɗa shi, amma ya tashi. A bariyar shiga gari, shingen sojoji, aka tsai da mu. Wani soja ya zazzage jakata, sai ga kwallin da Inna ta niƙa mini, ƙulle a leda don tanduna ya fashe.

Ya ja da baya. "Ke! Albarushi? Wa za ki kai wa?"

Na ce, "Shef, kwalli ne."

"Sauko! Ke da gaton naki sai gaban babbanmu."

Mai kabu-kabu ya ce, "Ni fa ban san ta ba." Kun ji ɗan banza!

Raina ya ɓaci. Na fizge ledar, na samu tsinke na dangwala, na ja a idon dama, na ja a na hagu. Ba madubi, hawaye na zuba. Na ware wa sojan ido. "To, ga shi. Tsaya in fashe!"

Sauran sojojin suka kwashe da dariya. Shef ɗin ya ce in tafi. Ina tattara kaya sai ya hango man kaɗen da nake shafa wa leɓe. Nasa leɓen duk sanyi ya farfasa shi.

"Ƙanwata, ɗan sam mini mana."

Na rufe jakata. "A'a, Shef. Wannan shi ne bom ɗin."