Na Je Zuru Ƙirga Masu Wucewa

Mun tashi da asuba daga Kaduna mu uku: ni, da direban kamfani, da ogana wanda tun kafin mu kai Buruku ya kwantar da kujera ya kama barci. Zuru muka nufa. Ga waɗanda ba su san aikina ba, ina tare da wani kamfanin manyan kantuna ne, irin waɗanda za ka shiga ka ɗauki kwando ka zaɓi kaya da kanka, ka biya a bakin ƙofa. Muna da rassa a garuruwa huɗu. To wani tsohon soja a Zuru yana son gina filaza a filin gidansu, ƙasa shaguna, sama ofisoshi da ɗakunan haya, kuma yana so mu kama rabin ƙasan. Ni aikina ɗaya ne, in zauna a bakin filin in ƙirga mutanen da ke wucewa. Eh, ana biyan mutum albashi a kan wannan.

A Tegina muka karya. Shayi da burodi da ƙwai biyu, naira ɗari da hamsin, kuma mai shayin bai yi rowar madara ba. A Kontagora layin gidan mai ya kai har kwanar titi, sai direba ya sayi galan biyu wajen 'yan bumburutu, yana zubawa yana mita. Daga nan zuwa Rijau kuwa hanya ta daina zama hanya. Rami na bin rami, ruwan sama ya cika su, ba ka sanin zurfin kowanne sai ka faɗa. Sabis ɗin waya ma ya ɗauke. Amma ido ya sha kallo, don damina ce, dawa ta yi kore shar dama da hagu, duwatsu na ta matsowa har muka shiga gari wajen ƙarfe biyu.

Mai filin ya tare mu da kansa. Dattijo ne dogo, yana tafiya a miƙe kamar har yanzu ana fareti, kowa Baba Saje yake ce masa. A garin nan da wuya ka shiga gida uku ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba. Ya shimfiɗa zanen ginin a kan bonet ɗin motarmu, ya danne gefuna da duwatsu. Ɗansa da ke Abuja ne ya sa aka zana. A bakin titi har sun kafa allo mai hoton ginin, gilashi ko'ina, da wasu mutane sanye da rigunan sanyi suna tura keken sayayya. Ya lissafa mana masu jira: wani kantin magani mai rassa, masu sayar da wayoyi, da gidan burodi. Dukansu magana ɗaya suka yi masa, in babban kanti ya sa hannu, su ma sun shigo. Wato mu ake jira.

Filin kansa babu komai sai ciyawa, da bulo kaɗan da aka jibge, da wata bishiyar mangwaro a gaba daf da titi. Ƙarƙashinta akwai rumfar kwano da injin niƙa biyu, ɗaya na gari ɗaya na markaɗe. Mai injin wata dattijuwa ce, matar ƙanen Baba Saje. Mijin shi ma soja ne, ya rasu da daɗewa, da injin nan ta riƙe gidanta. Mama kawai na ji ana kiranta. Gefen rumfar 'yan kabu-kabu ke ajiye baburansu, mu a Kaduna 'yan acaɓa muke cewa.

Mun kwana a wani masauki, ɗaki dubu ɗaya da ɗari biyar, da fanka da bokitin ruwa. Washegari oga ya tafi bin takardun fili, ni kuma na ari benci na zauna da fom ɗina. Fom ɗin a ofis aka tsara shi, ya ce a fara ƙirga ƙarfe tara a rufe ƙarfe biyar, kamar yadda muke yi a Kaduna. Na ja layi na jira.

Jama'a, babu kowa. Daga tara zuwa azahar awakin da suka wuce sun fi mutane yawa. Wani ɗan kabu-kabu, mutumin Wasagu, ya gaji da kallona ya matso.

“Malam, mi kake rubutawa tun ɗazu? Ƙidaya aka dawo yi?”

Na ce masa mutane nake ƙirgawa.

“Waɗanne mutane? Kowa na gona. Ko dai ka rubuta ni sau goma, in yi ta zagayawa, ka ba ni na mai?”

Sauran suka kwashe da dariya. Daga nan sunana ya koma Mai Ƙidaya.

Da rana Mama ta sa aka miƙo min tuwon dawa da miyar yakuwa, ta ƙi karɓar ko sisi. Tuwon na da nauyi, sai da na yi da gaske ban yi gyangyaɗi a bakin aiki ba. Ƙarfe biyar na yi na rufe fom, lambar da na samu ko kantin unguwa ba za ta burge ba. Ina haɗa jakata sai ga Baba Saje a kaina.

“Yaro, ina za ka?”

“Lokaci ya cika, Baba.”

“Lokacin wa? Zauna. Yanzu gari zai dawo.”

Na zauna. Ba a yi rabin awa ba hanya ta cika. Maza da fartanya a kafaɗa, kekuna ɗaure da ciyawa, babura ɗauke da mutum uku-uku da buhu, wasu daga hanyar Ribah, wasu daga ƙauyukan kusa. Mama ta ja igiyar inji ya kama ƙara. Na juya bayan fom na ci gaba da jan layin ƙirga, biro har yana zame min. Cikin awa ɗaya da rabi na ninka abin da na samu yini guda sau da yawa. Baba Saje na tsaye hannu a baya, fuskarsa ta saki.

Sai dai da na ɗan natsu na lura da wani abu. Yawancin mutanen nan ba wucewa suke yi ba. Mace za ta zo da kwanon dawa ko masara, ta ajiye a layi, ta ɗora ɗankwali ko murfi da za ta gane nata, ta tafi. Kwanuka ne ke bin layi, ba mutane ba, kuma babu mai tsallake na wani. Kafin a zo kanta za ta tsallaka ta sayi gishiri da daddawa, ta dawo ta duba, ta koma ta gaisa da wata, ta sake dawowa ta ɗauki garinta ta hau kabu-kabu. Wata mai jan zani sau huɗu na rubuta ta kafin na gane. Masu teburin da ke tsallaken titi saboda matan nan suke fitowa. 'Yan kabu-kabu saboda su suke tsayawa. Mazan ma da yawa jiran gari suke.

Ni kuma na ga zanen. Daidai inda mangwaron nan da rumfar suke, wurin ajiye motoci ne. Kuma a takardar sharuɗɗanmu, wadda ba ta canzawa daga reshe zuwa reshe, an rubuta ba inji, ba hayaƙi, ba talla a gaban kanti.

Da layi ya ragu Mama ta kashe inji ɗaya, ta zo tana kaɗe gari daga hannunta. Gashin girarta ma fari fat.

“Ɗana, mun cika maka takardar?”

“Kun cika, Mama.”

“Madalla. Na faɗa wa matan cocinmu duk su biyo ta nan yau, ko ba su da niƙa.” Ta matso kusa da ni. “An ce za a mayar da ni baya. Kai ka ga takardar ginin, ta wane gefe ne wurina?”

Bayan ginin a zane janareto ne, da tankin ruwa, da wurin zuba shara. Babu wani ɗaki. Na ce mata ban iya karanta zanen gini sosai ba.

“Ashe kai ma ƙirga kawai ka iya,” ta ce, ta koma kan injinta.

Na yi wa Baba Saje maganar a gefe. Ya ce matar ƙanensa ce, ba zai wulaƙanta ta ba, za a san yadda za a yi. Na tambaye shi yaya ɗin, sai ya ce yaron nan na Abuja ya fi shi sanin takarda. Oga kuwa da na ba shi labari a masauki, lamba kawai ya duba, ya ce ta yi kyau, a haɗa da ta yamman. Ya ce ba a aike ni neman dalili ba.

Da safe muka juyo. Mun sayi doya a hanya, taya ta yi faci kusa da Rijau, mun shiga Kaduna ana kiran magariba. Ƙurar garin Mama har yanzu tana jikin jakata.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai yawa ba ne. Agogon ofis ba ya aiki a garin manoma, kuma lamba tana faɗa maka mutum nawa suka zo, ba ta faɗin wurin wa suka zo. Jibi zan miƙa rahoto. A ƙasan fom akwai layi uku na ƙarin bayani, yawanci ba mai cikawa. In na bar su babu komai, kamfani zai sa hannu, a ɗaga rumfar Mama, kuma wataƙila taron da na ƙirga ya bi ta duk inda ta koma. In na rubuta abin da na gani, ko dai su sassauta sharaɗi, abin da ban taɓa ganin sun yi ba, ko su fasa, sauran kantunan su bi su, Baba Saje ya zauna da allo da bulo. Mama ta tsira da wurinta, amma a gidansu kowa zai san saboda ita aka fasa.

Da ku ne ke riƙe da biron nan, za ku cika layukan ukun, ko za ku bar su haka?