Tsohon Sa Da Maruƙa Biyu

Sati guda ke nan ba a ci tuwo cikin kwanciyar hankali a gidana ba. Kulob ɗin ƙwallon kwandon da maigidana Bitrus da ɗanmu Ishaya suke bi ya ba da matasa biyu, ya karɓo wani tsohon ɗan wasa mai ciwon gwiwa. Bitrus ya ce mutumin ya san wasa, ya ga jiya. Ishaya ya ce, da Turanci, an sayar da gobe. Yanzu yaron ɗaukar kwanonsa yake ya shige ɗaki.

Ni ban san ƙwallo ba, karatun ma a ajin yaƙi da jahilci na yi shi. Amma gardamar ta mai da ni ƙauyenmu kusa da Billiri, inda Kaka Saraya take tara mu bayan tuwo, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ba ta farawa sai kowa ya naɗe ƙafa ya ce ta zo mu ji.

Akwai labarin wani manomi mai maruƙa biyu, ga ƙarfi amma ba sa miƙe kunyar gona. Ya gaji da su, ya kai wa maƙwabcinsa duka biyun, ya karɓo tsohon sa wanda ya san garma. Daminar nan gonarsa ta fi ta kowa kyau. Da wata daminar ta zagayo, san ya kwanta bai tashi ba.

Sai Kaka ta tambaye mu ko ya yi dabara. Mu yi ta musu, wasu na bayan tsoho, wasu na bayan maruƙa, ita tana ɓare gyaɗarta.

"Duk kun ɓata," in ji ta. "Tsohon sa ba don noma kaɗai ake nemansa ba. Haɗa shi ake da ƙarami a karkiya ɗaya. Da ya bar ko maraƙi guda, wa zai kamo ƙafarsa?"

Ranar Lahadi, muna dawowa daga cocin unguwar Sedgefield a nan ƙasar waje, na ba su labarin a mota. Bitrus ya kaɗa kai.

"Ka ji ko? Kakar mamanka ma ta san darajar tsoho."

Ishaya ya ce ai san mutuwa ya yi, ya mai da abin jin waƙa kunnensa. Kowa ya tsinci rabin da ya yi masa. Raina ya ɓaci.

Da muka iso na tsaya ina kallon ragar kwandon da ke jikin garejinmu. Bitrus ne ya kafa ta, a nan ya koya wa yaron jifa, yanzu rana ta cinye zaren. Shekara mai zuwa Ishaya zai tafi jami'a.

A da na ɗauka Kaka maganar shanu take. Ga tsohon sa a gidana, ga maraƙi, kowa da ƙarfinsa. Karkiyar ce na rasa, kuma daminar da ta rage mana ɗaya ce.