Wasiƙa ta Uku

Duk ƙauyen Leone, can a wani tsibiri a tsakiyar teku, an san Leitu da ƙarnin kifi. Tun tana budurwa take gyaran kifi a kamfanin kifin gwangwani, har hannunta ya yi kanta. Kabarin mijinta na ƙofar gida kamar na kowa a tsibirin. A kai take shanya wanki, a kai take yi masa mita. Mace ce mai baki, amma autarta Fuatino ta san lagonta.

Shekarar da Fuatino ta gama sakandare, jami'ar da take nema a Oregon, can ƙetaren teku, ta ce a haɗo wasiƙun shaida biyu, mai so ya ƙara ta uku. Fasto ya rubuta, malamin lissafi ya rubuta. Sai ga tsohuwa Malama Pelenatete, wadda ta daɗe da barin aji, ta aiko da tata ba wanda ya roƙe ta.

Kowa ya san hannun tsohuwar. Ba ta taɓa rubuta wa yaro aka ƙi shi ba. Amma cikinsu ba wanda ya sake taka tsibirin, ko da jana'izar uwa ce. Ba mutuwa suke yi ba, hotunansu na zuwa, sun yi ƙiba abinsu. Sai dai ko iyayensu, in hoto ya zo, sai sun yi tunani kafin su tuna sunan mai shi. Mutane dai ba sa son zancen.

"Sun ce biyu," in ji Leitu. "Ke kin fi su sanin abin da suke so ne?"

"Mama, makina ba na a zo a gani ba ne. Da biyu ba za su ko kalle ni ba. Sauran kuma camfi ne, tsadar jirgi ke hana mutane dawowa."

Tsoro ya hana Leitu sukuni. Washegari da hantsi ta ɗauki wasiƙar ta ukun ta nufi gidan tsohuwar, ta tarar da ita tana saƙar tabarma.

"Dawo min da ita kika yi?" Malama ta tambaya ba ta ɗago ba.

"Haba Malama, gaisuwa na zo."

"Ni ba na korar ɗan kowa, 'yata. Abin da na gani nake rubutawa. Taki tun tana aji ɗaya na ga ba 'yar nan ba ce." Ta ja zaren kaba. "In kin fi so ta gaji wuƙar gyaran kifinki, ajiye wasiƙar nan kan tabarma, ba zan ji haushi ba."

Leitu ta daɗe a durƙushe. Daga nan gidan waya ta wuce, ta liƙe wasiƙun uku a ambulan ɗaya, ta dawo tana zagin kanta a hanya.

Jami'a ta ɗauki Fuatino, aka yi ta murna. Ran Lahadi bayan coci, tafiya da sauran watanni, Leitu ta raba gwaza da kifi mai romon kwakwa. Ta zuba wa ɗanta da matarsa, ta zuba wa jikoki, ta zuba nata. Aka yi addu'a aka fara ci, ba wanda ya lura da komai.

"Mama, ni fa?"

Leitu ta ɗago. Wata budurwa ce tsaye cikin fararen kayan coci. Sai da ta yi ɗan jim kafin sunan autar tata ya zo mata.