Siminti a Ƙashin Baya

Shekarar da hatsi ya gagari mai gona, Inna, mahaifiyata, ta zamo daga bakin rumbu ta faɗi zaune. Mun sha hana ta hawa, amma ba ta yarda wani ya ɗebo mata gero, wai hannunmu ba ya tsoron gobe. Daga ranar ba ta ƙara miƙewa ba sai da hawaye.

Muka ɗauko mai ɗori daga wajen Makoda. Ya shafa man shanu, ya tofa, ya ɗaure mata baya da kara da zani, ya ce ta kwanta a ƙasa har kaka.

A wannan daminar ƙawarta ta bayan dangarmu, wadda muke kira Hajiya, ta faɗi a makewayi, ita ma ƙashin baya. Ɗanta ma'aikaci ne a Kano, ya turo mota. Aka ce likita ya soka allura ya ɗura mata wani irin siminti a ƙashin da ya rufta, aikin da aka fara yayin yi wa tsofaffi a birni.

Inna ta yi dariya har ciwon ya motsa. "Siminti? Ita katanga ce?"

Kafin gyaɗa ta nuna, Hajiya ta dawo da ƙafarta. Ina cikin gona zan hango ta, tsaye ƙyam, tana tafiya gidan suna. Hassada na yi, tsagwaronta. Ta girmi Inna, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kuma ita ce ke sallah a tsaye, tawa uwar tana yi da ishara. In na gaishe ta, gaisuwar ɗaci take min a baki.

Da kaka ta yi na kai Inna asibiti a Kano. Likita ya ɗaga hoton ƙashin, ya ce ya riga ya haɗe a karkace, simintin kuwa na sabuwar karaya ne. Jiran da muka yi shi ya cuce mu.

A hanya Inna ta ce alhamdulillahi, dama ba ta so. Na yarda da ita.

Washegari da hantsi tana kwance a bakin ƙofa, Hajiya ta gifta ta gefen danga da ƙwarya a ka, ta ɗaga mata hannu. Inna ta amsa da fara'a, ta bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan ta kira ni a hankali.

"Juya min shimfiɗar nan ta kalli bango."