Mangalar Babur ɗin Garzali

Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Kausani da Lajawa ya san Garzali mai gyaran injin ban-ruwa. Gajere ne, kuma ba mai yawan magana ba. Idan inji ya ƙi tashi shi ake kira, ya zo ya tsuguna, ya kara kunne kamar mai sauraron gulma, ya kwance abin da zai kwance. Amma ba gyaran kaɗai ya sa aka san shi ba. Garzali bai iya cewa a'a ba.

Tun yana hawan keke haka yake. In zai je Dagumawa, sai an ba shi ƙullin daddawa ya kai wa wance. In zai dawo, a haɗo shi da zakara. Bayan ya yi ƙaramin babur, na taɓa ganinsa a kan gada da keken ɗinki a baya da tabarma a gaba, kuma ko sunan mai keken bai sani ba, kwatancen gida kawai aka yi masa.

Ni maƙwabcinsa ne, na girme shi nesa. Wata rana muna zaune a bakin kogi yana wanke hannu, sai ya ce, "Baba, ruwan nan ina yake zuwa ne?"

Na ce, "Haɗeja, daga can Gashuwa, in ji masu zuwa."

Ya ce, "In ji masu zuwa." Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana taya mutane zuƙar kogin nan, bai taɓa ganin inda ragowar take tafiya ba.

Bara wani malamin jami'a da zai tafi ƙaro karatu ya sayar masa da babur ɗinsa, irin dogon nan mai tayoyi masu haƙora, wanda aka yi don doguwar tafiya. In Garzali ya hau sai ya yi ɗage kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Kafin mako ya zagayo gari ya sa masa suna Raƙumi. A lokacin ne ya gaya wa matarsa Safara'u abin da ke ransa. Yana so ya bi gaɓar kogin har inda ƙarfinsa ya kai, shi kaɗai, ba saƙon kowa, ba mai jiransa a ƙofar gida. Lokacin kuwa kaɗan ne, tsakanin kaka da dashen albasa. Da zarar an fara dashe wayarsa ba ta hutawa sai damina.

Saura wurin zuba kaya, don Raƙumi haka ya zo, ba ko ƙugiya. 'Yan majalisarmu duk akwatin ƙarfe suka ce, a kai wa mai walda ya liƙa biyu a gefe, a sa kwaɗo. Garzali ya ce to, kamar yadda ya saba. Amma ƙafarsa sai ta kai shi wurin Maikano, mai ɗinkin tamfol a bakin kasuwa, wanda mahaifinsa ya yi suna wajen ɗinka mangalar jakunan masu ɗiban yashi. Ni na raka shi.

Maikano ya zagaya babur ɗin ya ce, "Injiniya, kwalta za ka bi ko yashi?"

"Yashi."

"To za ka faɗi."

"Allah Ya kiyaye."

"Amin, amma za ka faɗi. Kai da ƙasa ma sai da ɗage kuke gaisawa. In ka faɗi da akwatin ƙarfe, a kan ƙaurinka zai kwanta. Jaka kuwa matashi ce, ka tashi ka kaɗe riga."

Ya ce zai yi masa biyu a haɗe, a ɗora su a kan kujerar baya su sauka dama da hagu. Garzali ya ce, "Mangala ke nan." Maikano ya ce, "A gaban mutane ka ce jaka." Ya ce ba zai sa zif ba, don yashi yana cin haƙoransa. Baki za a naɗe a ɗaure da maɗauri, ko ruwa ba zai shiga ba. Ta ɓangaren salansa za a sa faranti, kada zafi ya narkar da tamfol ɗin. Kuma ya ja masa kunne cewa kada ɗaya ta fi ɗaya nauyi, in ba haka ba babur zai riƙa ja gefe.

Garzali duk ya ji, amma abu ɗaya ne ya dame shi. Ya ce, "A yi ta ƙarama."

"Kowa babba yake nema, kai ƙarama?"

"Wadda in mutum ya kalla zai ji kunyar tambaya."

Maikano ya yi dariya har allura ta faɗi daga bakinsa. Ya yi ta ƙarama, Garzali ya zo ya gani ya ce a rage. Aka rage. Da aka ɗaura, buta da darduma da sifana da kaya kala biyu suka shiga, bakin ya naɗu, Raƙumi ya yi kyau.

To amma a garin nan ba a tafiya babu sallama. Garzali ya bi gida-gida, kuma a kan babur ɗin ya bi.

Baba Sabo, ƙanin mahaifinsa, shi ya fara. Ya yi masa addu'a mai tsawo, yana yi yana kallon jakar. Da aka shafa, ya sa babban yatsa ya latsa ta kamar mai zaɓen kankana.

"Ai da sauran wuri, ɗana."

Ya kwance maɗaurin da kansa, ya warware bakin, sai ga jaka ta ƙara tsawo da kamu guda. Abin da Garzali bai lissafa ba ke nan. Akwatin ƙarfe in ya cika ya cika. Tamfol kuwa halinsu ɗaya da mai shi.

Dabara ta zo masa. Ya ce, "Baba, mai ɗinkin ya ce dole nauyin ya zo daidai. Kayana na dama ba su da nauyi, don haka na hagu ma ba za su ɗauki abu mai nauyi ba."

Baba Sabo ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, hankali ke nan.

Washegari ya zo da ƙullin dabino da ƙuli-ƙuli da garin rogo, ya ce guzuri ne, hanya ba ta da tabbas. Ya zuba su a jakar dama da hannunsa, ya ɗaga ya ji nauyi. Sannan ya fito da galan ɗin man gyaɗa daga ƙarƙashin babbar riga.

"Wannan na 'yar'uwarka ne da ke Azare. Ka ga yanzu sun yi daidai."

"Baba, Azare ba ta kan kogi."

"Jirgin ƙasa ka hau? Ka ɗan ratse mana."

Labari ya zaga. Ban taɓa ganin an yi wa matafiyi guzuri irin na Garzali ba. Kowa ya zo da hannu biyu, na dama kyauta, na hagu saƙo. Ga na Dutse, ga na Birnin Kudu, ga wani na Azaren kuma. Jakunkunan suka kumbura har maɗauri ya ƙi kaiwa, aka ƙara da igiya. Garzali ya zauna a zaure ya bi garuruwan a ransa, ya ga kafin ya gama rabo an dasa albasa, kuma kogin ba zai gan shi ba sai ta saman gada.

Safara'u ta ce, "Malam, ka ce musu a'a mana. Kalmar ba ta da tsawo."

Ya ce zai ce. Ina jin sa ta katanga yana gwadawa a hankali. Can aka yi sallama, wata maƙwabciya ce da ƙullin kuka. Na ji ya ce, "To, kawo."

Ranar tafiya da safe unguwa ta fito rakiya. Raƙumi ya tashi yana rangaji kamar mai ciki, aka bi shi da addu'a har ya sha kwana. Ni na riga na tafi tasha wurin mai koko, don haka abin da ya biyo baya a idona aka yi. Garzali ya shigo tashar, ya tsaya gaban Bilya, ƙanin Safara'u, ɗan kamasho ne a layin motocin gabas.

Bilya ya ce, "Yaya, ƙaura kake yi? Ka saki yayata ne ban ji ba?"

"Riƙe min nan, sarkin surutu."

Ya kwance igiya, ya zare maɗauri biyu, suka sauke mangalar gaba ɗaya. Da akwatin walda ne, da sai an nemo guduma. Ya shimfiɗa kayan a ƙasa, ya sa Bilya ya kira direbobin Dutse da Birnin Kudu da Azare, waɗanda babu wanda Garzali bai taɓa kai wa saƙo ba a cikinsu. Ya ɗauki kowane ƙulli ya faɗi mai shi, da unguwa, da launin ƙofa, ya sa direba ya maimaita. Na Azare ya yi kuskuren lungu, ya sa shi ya sake. Hantsi ya yi kafin a gama.

Direban Dutse ya ce, "Yau Garzali ne yake ba da saƙo? Bari in duba ko rana ta yamma ta fito."

Guzurin kuma ya zuba dabino a aljihu, sauran ya ce a raba a tasha. Ya naɗe sifana da kayansa a cikin darduma, ya ɗaure a baya, ya rataya buta.

Bilya ya ɗaga jakunkunan da suka koma lakwas. "Waɗannan fa, da ka hana Maikano sakat a kansu?"

"Kai wa yayarka ta ajiye. In aka gan ni da su a ƙauye na gaba, wani zai latsa."

Ya sa hular kwano, ya yi ɗage, ya tayar. Bai hau kwalta ba, ya gangara ta hanyar masu ɗiban yashi. Yana cikin gangarawa wani mutum ya fito daga rumfa da leda a hannu, yana ɗagawa yana kira, "Garzali! Ina zuwa? Tsaya mana!"

Garzali ya ɗaga hannun hagu ya gaishe shi, bai taɓa birki ba.

Mutumin ya juyo gare ni ya ce, "Baba, anya ya ji ni kuwa?"

Na ce injin yana da ƙara, kuma hular tana toshe kunne. Na matsa masa ya zauna a benci, na sa aka zubo masa koko.