Garin da Na Rubuta a Sama

Ni na rubuta jerin nan da hannuna, ba wanda ya sa ni. Gara in faɗi haka tun da fari, don na daɗe ina ba da labarin ina cewa "muka rubuta", ina raba laifin da mutanen da yawancinsu yau suna ƙasa, ba su da bakin musawa.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Sharada, sashen rini. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ke nan. A takarda jam'iyyun suna da yawa, amma a wurinmu biyu ne kawai: tamu ta talakawa, da ta manya, wato ta sarakuna da attajirai da duk wanda yake son duniya ta zauna yadda ya tarar da ita. A rediyo ana ce musu masu ra'ayin riƙau. Abin da mu muke ce musu kuwa ba zai rubutu ba.

Mu takwas ne a sashen, kuma kwano ɗaya muke ci. Ba don tsabar zumunci ba ne da farko. Hannun ɗan rini shuɗi ne har wuyan hannu, ko ka ƙarar da sandar sabulu ba ya fita, sai 'yan sashen saƙa suka riƙa ƙyanƙyamin haɗa hannu da mu. To, mu ma muka ce su je can. Da an busa tashin rana, mai tuwo ta bakin ƙofa ta juye mana a babban kwano, mu kewaye shi a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin rini. A Kano ba ni da uwa ba ni da uba, kwanon nan shi ne gidana. Na san sauran ma haka.

Babbanmu wani dattijo ne da muke kira Baba, shi ke kula da tukunyar dafa rini. Daga wani ƙauye yake can arewa, dab da iyakar Nijar. Ba shi da magana. In an dace da tsokar nama a miya, shi zai yayyage ta ya tura gaban kowa, nasa kason ya zama romo. Ni kuwa na yi firamare har aji bakwai, ina karanta jarida da ƙarfi, bakina ba linzami. Sai suka laƙaba mini sakatare, kaina ya yi girma.

Da zaɓe ya zo, kowa ya dangwala a inda yake haya, wani a Sharada, wani a Na'ibawa. Baba kaɗai ya nemi hutun kwana biyu ya tafi gida. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Can na yi rajista." Shi ke nan abin da ya ce. Mu kuwa a wurinmu maganar a fili take. Duk ɗan ƙauyen da ya bar aiki ya hau mota don zaɓe, dagaci ne ya aiko kiransa, zai je ya durƙusa, a nuna masa inda zai dangwala, a sallame shi da ɗan gishiri. Haka muka sani, ba mu taɓa ganin akasin haka ba.

Wani abokin aikinmu ɗan Challawa yana da ƙaramar rediyo, ita muka rataya a reshen darbejiya ana karanto sakamako, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Jiharmu dai tamu ce, mun yi tsalle har kwano ya kusa kifewa. Amma akwai wuraren da manya suka taɓuka, akwai ma inda suka yi mana fintinkau. Nan gardama ta kaure. Wannan ya ce yankinsu bai ba manya komai ba, wancan ya ce ƙarya ne, ai yankinku ya fi namu lalacewa. Don a raba gardamar na samo kara, na tsoma a baƙin rini, na jera ƙananan hukumomin a jikin bango. Wadda ta fi karkata ga manya a sama, wadda ta fi ƙinsu a ƙasa. Ta su Baba ce ta hau can ƙoli, ba ma kusa ba. A gefe na ƙara sunan ƙauyensu, don mugunta kawai.

Daga ranar Baba ya zama dogarin dagaci a bakinmu. "Baba, gishirin ya ƙare ne?" "Baba, a gaida mana ranka ya daɗe." Murmushi kawai yake yi, ya ci gaba da yagar nama. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa zuwa garin namu?" Na ce, "Me zan je yi a garin bayi?" Aka fashe da dariya. Wallahi har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kamar in tsinke harshena.

Shekara huɗu muka yi a haka, duniya tana ta ƙara ƙunci. Sinadarin rini da ake kawowa daga waje ya daina zuwa kan kari. Aikin da ake yi kashi uku a yini ya koma biyu, ya koma ɗaya. In ka bi ta Bompai da safe sai ka ga maza tsaye a ƙofar kamfanoni, hannu a aljihu, suna karanta takardar da aka manna. Majemun Challawa ma haka. Jam'iyyarmu da muke taƙama da ita ta dare gida biyu, manyanta suna zagin juna a rediyo, mu kuma muna nan da shuɗin hannunmu ba abin da ya canza. Da zaɓe na biyu ya zo, ba wanda ya yi tsalle. Amma Baba ya sake neman kwana biyu, a lokacin da fashin yini ɗaya kan iya cinye aikin mutum. Da aka karanto sakamako na sake tsoma kara na yi sabon jeri kusa da tsohon. Wasu sun hau, wasu sun sauka. Garin su Baba bai motsa ba.

Bayan zaɓen aka fara raɗe-raɗin za a rage mutane a masaƙarmu. Muka shirya yajin aiki, mu da wasu daga sashen saƙa. A gindin darbejiyar muke taro bayan cin abinci, idan Baba ya koma duba tukunya. Ni na ce kada a gaya masa. Na ce mutumin da zai bar aiki ya je ya durƙusa wa dagaci, zai durƙusa wa manaja. Saura kwana uku a fara, sai ga takarda a ƙofa, an kori mutum huɗu, har da mai rediyo, wanda matarsa ba ta yi arba'in da haihuwa ba. Yaji ya mutu tun bai tashi ba.

Wa ya kai magana? Kowa na tambayar kowa. Raina a ɓace, idona ya rufe, na nuna bango na ce, "Me kuke nema? Ga amsa nan a rubuce tun shekara huɗu."

Washegari aka kawo tuwo. Baba ya wanke hannu kamar kullum, ya tsuguna a wurinsa, ya yi bismilla, ya miƙo hannu. Na kama bakin kwanon na janye shi gabana. Hannunsa ya tsaya a sama. Ba wanda ya ce haba sakatare. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, ban da ni. Sai ya ce "Alhamdulillahi", kamar wanda ya ci ya ƙoshi, ya miƙe ya koma ɗakin tukunya. Daga ranar can yake zama, cikin tururi da warin sinadari, da ɗan ƙullin rogo. Da wata ya ƙare ya naɗe tabarmarsa ya bar Kano, bai yi sallama da kowa ba.

Ba a daɗe ba sojoji suka sake karɓe mulki, aka rufe jam'iyyu duka, tamu da ta manya. Ni ma ba a yi wata shida ba takardata ta fito. Ranar da na je karɓar sallama, masinjan ofis, wani mai surutu kamar ni, ya ja ni wajen tagar bene ya ce, "Sakatare, leƙa ka gani." Na leƙa. Darbejiyarmu ce a ƙasa, kai tsaye, har ina hango inda gindin kwano ya yi shaida a ƙasa. Ya ce, "Manaja a nan yake shan shayi kuna taronku. Kai kuma muryarka ko ladan albarka. Wa yake buƙatar ɗan rahoto?" Yana faɗa yana dariya.

Sunan ƙauyen dai ina da shi, ai ni na rubuta. Na hau mota tun da safe, sai bayan la'asar na sauka. Na yi sallama ga wasu mutane a inuwa, na ce ina neman gidan dattijon da ya yi aikin masaƙa a Kano. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Mai ɓata akwati?" Ban gane ba. Wani mai faci a bakin hanya ne ya tausaya mini, ya raka ni, a hanya ya warware mini.

Ashe tun yana saurayi, zamanin Turawa, Baba ya shiga tsohuwar jam'iyyar talakawa. An zane shi a ƙofar dagaci, an ƙwace gonar da ya gada, shi ya sa ya gudo Kano. Amma ya ƙi ɗauke rajistarsa. Kowane zaɓe dagaci kan yi wa manya alkawarin akwatin garinsa zai fito fes, ba ko ɗaya ta talakawa. Kowane zaɓe in an zazzage akwatin sai a sami ƙuri'a guda da ta saɓa, kuma kowa ya san mai ita, tunda an ga saukarsa daga mota. Mai facin ya ce, "Ba a gayyatarsa suna, ba a gayyatarsa ɗaurin aure. Ba mai haɗa kwano da shi a garin nan. Amma da yakan ce wannan ba komai, yana da 'yan'uwa a Kano da suke ci tare."

Na tarar da shi a zauren ƙanwarsa, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, yana tufkar igiya. Ya rame. Shuɗin hannunsa ya fara koɗewa. Ya gane ni tun kafin in gama sallama, ya ce, "A'a, sakatare, yau kai ne a garin namu?" Bai ƙarasa da kalmar da na faɗa ba, amma na ji ta. Na zube a gabansa ina kuka kamar ba namiji ba, na gaya masa zancen taga, na ce ku yafe mini, Baba. Ya ce ya yafe, tun ranar. Na ce don Allah me ya hana ku gaya mana? Ya ce, "Na tambaye ka ko ka taɓa zuwa, ka ba ni amsa."

Na ce ku dawo Kano, zan tara sauran, zan faɗa a gaban kowa. Ya ce, "In dawo ina? Kai ma ba an sallame ka ba?" Gaskiyarsa. Sauran sun watse, wani ya koma gona, wani yana dako a kasuwa, ban ma san inda mai rediyo ya nufa ba. Ya ce shi yanzu ya huta da hawa mota, tunda sojoji sun ɗauke zaɓen gaba ɗaya, dagaci kuma yana nan a kan buzunsa, su ma da shi suke aiki. Can ya tambaye ni, "Ka goge rubutun?" Na ce na gwada da ruwa da toka, ya ƙi fita. Ya ce, "Ba zai fita ba. Ni na dafa rinin."

Ƙanwarsa ta kawo tuwon dawa, kwano biyu, ta ajiye ɗaya gabana, ɗaya gabansa. Na wanke hannu. Na ɗauki nawa zan juye a cikin nasa. Sai ya sa tafinsa ya rufe bakin kwanonsa, a hankali, ba da fushi ba.

Ya ce, "Bari, ɗan nan. Ci naka. Na saba."